Gam a Wuyan Tsuntsu

Facalata ba ta shiga ɗakin mutane. Shekara arba'in da 'yan kai muna gida ɗaya, ni a ƙasa ita a bene, mazajenmu wa da ƙane duk sun riga mu gidan gaskiya, amma in ta sauko gaishe ni a bakin ƙofa take tsayawa kamar mai karanta mitar wuta. To ranar Lahadin nan da hantsi sai ga ta har tsakar ɗaki. Ta mayar da ƙofa, ta sa sakata, ta ture wankin da ke kan kujera ta zauna. Na rage rediyo, don na san yau akwai labari.

Ita dai shara da goge-goge ta yi a gidan tarihi, shekara ashirin da bakwai, har ta ajiye aiki. Ranar sallama suka ba ta takardar yabo a cikin firam, tana nan rataye saman gadonta. Ba ta iya karatu ba, ni na karanta mata: wai ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa fasa ko kofin shayi ba. Da wannan takardar ta shiga ofishin shugaban gidan wata biyu da suka wuce, ta roƙa wa Auta aikin sayar da tikiti. Auta ita ce 'yarta ta ƙarshe, shekara huɗu tana zaune da takardun makaranta a ƙarƙashin katifa. Aka ɗauke ta gwajin wata uku albarkacin uwarta, in ta yi abin kirki a tabbatar da ita.

"Yaya," in ji facalata, "kin ga tsuntsun nan?"

Wa bai gan shi ba? Yana jikin motocin haya, yana katangar asibiti, har a ledar burodi na gan shi. Tsuntsun yumɓu ne, wai shekararsa dubu biyu, ƙirjinsa na fuskantar gaba, kansa ya juya baya. A ƙarƙashinsa an rubuta: Tsuntsu Mai Waiwaye, baje koli na musamman, sati shida kacal. Duk wadda ta je a layinmu sai ta dawo tana cewa tsigar jikinta ta tashi.

Na ce, "Na gan shi. Ya aka yi?"

"Ba waiwaye yake ba."

"To me yake?"

"Gabansa yake kallo, kamar kowane tsuntsu. Ni na juya masa kai."

Na tashi na kashe rediyon gaba ɗaya.

Shekara goma sha tara ke nan, in ji ta. Tsuntsun yana sito na ƙasa, a kan kanta ta huɗu, cikin fasassun tukwanen da ba wanda ya taɓa ɗauka hoto. Ta hau kujera tana kakkaɓe yanar gizo-gizo, gindin sandar tsintsiya ya taɓa shi, kai ya cire ya faɗa bokitinta. Ta fita bakin titi ta roƙi gam wurin mai gyaran takalmi, ta ce silifas ɗinta ne ya tsinke. Ƙwan fitilar sito ya mutu tun watan jiya ba a canja ba, ga takun mai kula da sito a matakala, sai ta liƙa da lalube. Washegari ta zo da tocila ta tarar baki yana kallon wutsiya, gam kuma ya kama kamar tare aka halicce su. Ta shafe wurin da ƙura, ta tura shi bayan tukwane. A can ya zauna har bara, da wani matashin masani ya shiga sito neman wani abu daban, ya fito da shi yana rawar jiki.

Allah ya gani na yi ƙoƙari, amma dariya ta ƙwace min sai da na riƙe ƙirji.

"Ki gama," in ji ta. "Jiya na ji a rediyo, masana sun zo daga waje sun sa wuyan a na'ura, kuma abin da suka gano an rubuta shi a allo kusa da tsuntsun. In sun ce gam ɗin takalmi ne, za a duba wa ke riƙe da makullin sito lokacin. Mu biyu ne masu shara, ɗayar ta rasu. Su karɓe takardarsu, su taɓa fansho, wannan duk da sauƙi. Auta fa? Da sunana ta shiga, da sunana za ta fita."

"Sati biyu da buɗewa. Da sun sani ai da sun zo."

"Ba ki san gidan tarihin nan ba. Wasiƙa ɗaya sai ta yi wata uku kafin ta sauko daga bene."

"To ki tambayi Auta me aka rubuta mana."

"In ce mata me ya dame ni da allo? Yarinyar nan kallo ɗaya take min ta san abin da na ci jiya."

"Duk garin nan kin rasa wanda za ki gaya wa sai ni?"

"Ke kaɗai na sani mai karatu kuma marar aikin yi."

Gaskiya ta faɗa, ko da yake karatun nawa na aji huɗu ne. Ina karanta komai, amma sai na bi da yatsa, kuma ba na son a tsaya min a ka.

Muka sa Talata, ranar hutun Auta. Muka ce mata asibitin ido za mu.

Da muka isa taga, yarinyar da ke zaune a kujerar Auta ta faɗi kuɗin. Na ce mata mu biyu ne, ba motar makaranta muka kawo ba. Ta ce ai na mutum ɗaya ta faɗa. Na tambayi rangwamen tsofaffi, ta ce baje koli na musamman ba shi da tsoho ba shi da yaro, in kyauta muke so ga zauren kullum can hannun hagu. Facalata ta juya baya ta kwance bakin mayafi ta biya na mu biyu. Cefanen sati biyu ne ya shige ta ƙarƙashin gilashin nan, aka turo mana takarda biyu da ba su kai tafin hannu ba.

Layi ya zagaye ginin har ya kai wurin ajiye motoci. Awa biyu muka yi a tsaye. Ban yi asararsu duka ba, don kafin mu kai ƙofa na san mutumin gabanmu ba matarsa ce ya zo da ita ba, na kuma san ta bayanmu kuɗin makarantar ɗinki ta taɓa ta sayi tikiti. A bakin ƙofa suka karɓe jaka, suka karɓe lema, suka karɓe robar ruwa. Na ce ko takalmin ma a cire? Mai gadin bai yi dariya ba. Facalata ta ja mayafi har hanci, amma a banza, masu gadin duk sababbi ne, na haya, ba wanda ya san ta.

Ɗakin farko babu komai a ciki. Bango ne baƙi, da rubutu, da wata ƙatuwar talabijin tana nuna iska na kaɗa ciyawa, ana busa wani abu mai sa mutum tuna matattunsa. Mutane sun cika suna ɗaukar talabijin ɗin hoto da waya. Ɗaki na biyu tukwane ne guda shida, kowace an haska mata 'yar fitila kamar marar lafiya.

"Waccan ta tsakiya," in ji facalata a kunnena, "a ciki muke ɓoye makullin banɗaki."

"An rubuta ta ajiyar hatsin sarauta ce."

"To. Ni dai makulli na sani."

Ɗaki na uku ban ga abin da ke ciki ba, bayan mutane na gani. Ni gajeriya ce, kuma tsufa ya ƙara rage ni. Na ga riguna, na ga gumi, na ga wuyan wani da ya kamata ya ga likita. Sanyin na'ura bai kai ƙasa inda nake ba. Ana tafiya ne kamar an ɗaure mu da igiya ɗaya, in na gaba ya tsaya ɗaukar hoto sai hancinka ya shiga bayansa. Wani dogo ya ɗora 'yarsa a kafaɗa, takalminta yana share min ɗankwali tun daga nan har ƙofar tsuntsu.

A ƙofar tsuntsu akwai mai gadi da ƙararrawa. Mutum talatin-talatin ake shigarwa, minti biyu, in ya kaɗa a fita ta ɗaya ƙofar, ba komowa.

Muka shiga. Tsuntsun da ya cika gefen mota guda, ashe bai kai ɗan tattabara ba. Ta ƙarƙashin hammatar wani na hango shi, cikin akwatin gilashi, an kewaye shi da igiya ja. Wayoyi talatin suka tashi sama lokaci guda. Rabin mutanen ma baya suka ba shi suna murmushi, su da shi kowa na kallon inda ba a sa shi ba. Facalata ko kallonsa ba ta yi ba, ta ja ni wajen allo.

Allon toka-toka ne, rubutun fari kuma ƙanana kamar na takardar magani. Harshe uku aka yi, namu ne a ƙasa, daidai ƙugun mutane. Na duƙa, na sa tabarau, na sa yatsa. Mai gadi ya ce ba a taɓawa. Na janye yatsa, layi ya ɓace min, na koma farko. Sakin layi na farko duk labarin mutanen da ne, wai sun yi tsuntsun yana waiwaye don tunawa da kakanni. Na biyu sunayen waɗanda suka ba da kuɗi ne. Wata mata ta tsaya gabana da jaka, wadda ban san yadda aka bar ta ta shigo da ita ba, na ture jakar. Sai ga shi a saki na uku. Na karanta a hankali yadda facalata za ta ji:

"Binciken na'ura ya nuna cewa wuyan ya taɓa karyewa, kuma wanda ya liƙa shi…"

Ƙararrawa ta kaɗa.

"Wanda ya liƙa shi me?" in ji ta.

"A ci gaba da tafiya, iyaye," in ji mai gadi.

Na ce masa saura layi biyu. Ya ce kowa saura layi biyu gare shi. Mutum talatin na bayanmu suka turo, ba mu muka fita ba, fitar da mu aka yi. Ƙofa ta rufe, muka tsinci kanmu cikin shago.

Shagon ya fi ɗakunan baje kolin duka girma da haske. Tsuntsu a kofi, tsuntsu a riga, tsuntsu a mariƙin makulli, tsuntsu na roba mai ƙara in an matsa, duk sun juya kai baya, ɗaruruwa. Facalata ta tsaya tsakiyarsu tana kallo. Na zaunar da ita a kan kwalin riguna.

Akwai littafin baje kolin, na tabbata maganar tana ciki, amma an naɗe shi da leda kuma ya fi tikiti tsada. Na fara sosa gefen ledar da farce, yarinyar shago ta zo ta tsaya kusa da ni tana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Na ajiye. Sai na bi waɗanda muka fito tare ina tambaya ko akwai wanda ya karanta allon.

"Akwai allo?" in ji wata.

Dogon nan mai 'ya a kafaɗa ya ce shi na sama ya fara, bai kai rabi ba. Wata budurwa ta nuna min hotunanta goma sha ɗaya, a cikin ɗaya allon ya fito, amma kunnenta ya rufe saki na uku.

Na dawo na tarar facalata tana lissafi da yatsu. Ta ce, "Yaya, sun sani. 'Wanda ya liƙa shi.' In ba su sani ba me zai sa su kawo maganar?"

"Wanda suka ce, ba wadda ba."

"Haka suke rubutu, ko mace ce."

"Tashi mu koma."

"Da wane kuɗin? Da wace ƙafar? Kin ga layin."

Na ga layin, amma na ga wani abu kuma. Tun muna tsaye a rana na lura akwai kekunan guragu uku a bayan teburin karɓar jaka, kuma duk wanda aka turo a keke ba ya bin layi, kai tsaye ake wucewa da shi har gaban igiya. Wanda ke zaune a keke kuwa idonsa daidai ƙugun mutane yake.

Na fito da kuɗin da na ware na sabon tabarau, ta haɗa da ragowar na bakin mayafinta. Muka zagaya ta ɗaya tagar. Na dafa kafaɗarta ina jan ƙafar hagu, na saki fuska, na ce wa mai karɓar jaka gwiwa ce, tun haihuwar fari. Ya ba ni keke, har matashin kai ya sa min a baya, Allah ya yi masa albarka, ni kuma ya yafe min.

Facalata ta iya tura bokiti mai taya, amma ba ta iya tura mutum ba. Ta buga ni da ƙofa, ta taka dunduniyar mutum huɗu, a ɗakin tukwane saura kaɗan ta haɗa ni da ma'ajiyar makullin banɗaki. Amma hanya buɗewa take, kowa na cewa sannu Kaka. A karo na biyu na ga abin da ke ɗaki na uku: duwatsun niƙa biyu ne da hoton ramin da aka tono su.

Wannan karon da 'yan matan sakandare aka haɗa mu, da littattafansu, da wani mai bayani sanye da kwat da 'yar sanda a hannu. Mai gadi ya kai ni har jikin allo. Ban ɓata lokaci kan kakanni ba, na sauka saki na uku, na sa yatsa a iska ina bi. Facalata ta sunkuyo har numfashinta na taɓa min kunne.

"…kuma wanda ya liƙa shi bai bar suna ba. Ana kyautata zaton masu tonon farko ne, kimanin shekara tamanin da suka wuce. Gam ɗin marar kyau ne, aikin kuma na gaggawa da rashin ƙwarewa, amma an mayar da kan daidai yadda maƙerinsa ya nufa."

Na ɗago na ce, "Shi ke nan. Masu tono ne. Kin fita, Auta ta fita. Juya mu tafi."

Ba ta motsa ba.

"Sake karanta na ƙarshen."

Na sake.

"Rashin ƙwarewa," in ji ta. "A cikin duhu fa na yi shi. Shekara goma sha tara bai motsa ba."

"Na ji. Tura."

Lokacin mai bayani yana nuna wuyan da sandarsa yana cewa, "Ku rubuta: mutanen da ba su yi wannan da wasa ba. Sun juya kan ne don su koya mana kada mu manta da inda muka fito. Zai fito a jarrabawa." 'Yan mata talatin suka duƙa suna rubutawa.

Matar da ta shekara arba'in ba ta ɗaga murya ko a kan akuya ba, sai na ji ta a saman kaina tana cewa, "Malam, kada su rubuta. Ba haka ba ne."

Ya juyo. "Na'am, Mama?"

"Gabansa yake kallo. Faɗuwa ya yi, aka liƙa shi a juye. Gam ɗin kuma ba marar kyau ba ne, na takalmi ne, mai gwangwani ja."

'Yan matan suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Kaka, kina wurin?" Mai bayani ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi ya ce kowa da fahimtarsa. Da a nan aka tsaya da ba komai. Amma a bakin ƙofar fita akwai wata mata mai furfura, da katin ma'aikata rataye a wuya, ba ta yi dariya ba. Ta karkata kai tana kallon facalata, irin kallon wanda ke neman inda ya san fuska. Ta fara takowa. Facalata kuma ta buɗe baki za ta ƙara, na ji ta ja numfashin "ni ce".

Ban yi shawara da kowa ba. Na dafa hannun keke na miƙe tsaye. Na yi miƙa, na buga ƙafar hagu a ƙasa sau biyu, na ce, "Ikon Allah, gwiwa ta saki." Na taka har gaban igiya, na zagaya akwatin tsuntsun da sauri, na dawo, har da ɗan rangaji.

Wayoyin da ke ɗakin duk suka bar tsuntsu suka dawo kaina. Wata yarinya ta ce tsuntsun ne ya warkar da ni, wata ta ce ƙarya ce, ta gan ni ɗazu a shago ina sosa littafi. Mai gadi ya manta da ƙararrawa. Mai furfurar nan ta canja hanya ta nufo ni, ta ce min keken na masu bukata ne, akwai wani dattijo a waje tun ɗazu yana jiran a dawo da shi, in ji kunya da girmana. Na bar ta ta gama, don gaskiyarta ce, kuma duk minti ɗaya da ta yi a kaina ba ta yi shi a kan facalata ba. Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe har gira.

Masu gadi biyu suka raka mu. Ba su bi da mu ta shago ba, ta wata ƙofar gefe suka tura mu, sai ga mu a zauren kullum, na kyauta.

Ba kowa a ciki. Dogon zaure ne mai tagogi, ga sanyi, ga benci. Akwatunan gilashi sun fi hamsin, akwai dawakin yumɓu, akwai wata mata ta dutse mai goyo, akwai tsuntsaye ma har huɗu, duk sun fi nata girma da kyau, kowanne na kallon gabansa. Muka zauna muka cire takalma. Na fi rabin awa ina kallon mai goyon nan, ba wanda ya ce min a ci gaba da tafiya.

"Da kin bar ni na faɗa," in ji facalata.

"Da kin faɗa, da yanzu muna bene ana ba mu ruwa a kofin ofis."

"Yaran nan ƙarya suka rubuta."

"Za su ci jarrabawa da ita."

Can ta tashi ta shafa saman wani akwati da yatsa, ta duba, ta girgiza kai, ta goge shi da gefen mayafi tun daga wannan kusurwa har waccan.

Da la'asar muna ɗakinta a bene, na jiƙa ƙafafu a ruwan ɗumi, sai ga Auta ta shigo da waya a hannu. Ba ta yi sallama da kyau ba.

"Goggo, yaya asibitin ido?"

"Da sauƙi."

"Na ga har gwiwa suka haɗa miki." Ta juyo min da wayar. Ga ni nan ina zagaya tsuntsu, ɗankwali ya karkace. Abokan aikinta ne suka turo mata, wai ta ga abin da ta rasa ranar hutunta. "Shugabar sashenmu ta ce mai tura keken kamar ta san ta. Na ce mata tsofaffi duk kama suke."

"An ji abin da mai turawar ta ce?" in ji uwarta.

"Busar nan da ake sawa a wurin ta rufe. Me ta ce?"

Na yi wa facalata ido, ba ta kalle ni ba. Ta zaunar da Auta a bakin gado, ƙarƙashin takardar yabon, ta ba ta labarin tun daga sandar tsintsiya har gwangwani ja. Ta ce in abin ya fito ita za ta je ta ce 'yarta ba ta san komai ba.

Auta ta saurara har ƙarshe. Sai ta tashi ta buɗe kabad, ta fara fito da kaya tana jerawa a tabarma. Kofin shayi mai kunne a kife. Butar shayi da bakinta ke kallon gefe. Faranti da aka haɗa furen rabinsa da ganyen ɗaya rabin. 'Yar tsanarta ta yarinta, ƙafar dama a hagu.

"Inna, a gidan nan na girma. Ranar farko da aka zagaya da mu sababbin ma'aikata, ina ganin wuyan nan na ce a raina wannan aikin Inna ne. Har ƙurar da kike shafawa a kai."

"Kin gaya wa wani?"

"In gaya wa wa? Wa zai biya kuɗin nan ya ga tsuntsu na kallon gabansa? Saboda layin nan aka buɗe taga ta uku, ita nake zaune. Jiya aka ce in kawo hotuna biyu na katin dindindin. Ke dai ki daina yi wa masu bayani gyara." Ta juyo kaina. "Ke kuma Goggo, nawa kuka biya?"

Na faɗa mata, sau biyu. Ta rufe ido. Ta buɗe jakarta ta zaro takarda biyu ta ajiye kusa da butar.

"Kowane ma'aikaci an ba shi biyu na iyali, ba layi. Tun ranar buɗewa suke nan. Inna ta ce ita da gidan tarihin nan sai a lahira, ke kuma na ji tsoron bakinki."

Na ɗauka na duba gaba da baya. Na ce ko ana iya sayarwa? Ta ce a'a. Na ce to ni zan koma in ga abin da na biya. Ta ce hotona yana manne a ɗakin masu gadi.

Facalata kuwa ta sunkuya kan tabarmar. Ta ɗauki kofin nan mai kunne a kife, ta juya shi a hannu, ta kai shi wajen taga ta duba layin gam ɗin. Ta tsiyaya shayi a ciki har baki, ta ɗaga shi da kunnen, ta riƙe a sama muna kallo.

"Shekara goma sha ɗaya," in ji ta. "Ku nuna min inda yake ɗiga."